Yadda Ake Canja Bol-Joyin Na Ƙafar Mota A Gida

Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara a ranar kasuwa, da wuya a ce bai taɓa tarar da mota ta durƙusa a gefen hanya ba, tayarta ɗaya ta gaba ta karkace ta shige ƙarƙashinta. Fasinjoji suna tsaitsaye, an sauke buhuna, direba ya riƙe ƙugu. In an tambaya sai a ce ƙafa ce ta cire. Galibi abin da ya cire ɗin wani ɗan ƙarfe ne wanda bai fi dunƙulen hannun yaro ba, kanikawa suna kiransa bol-joyin. Idan Allah ya sa motar tana tafiya a hankali, asarar takan tsaya ga dukiya da yinin kasuwa. Idan kuwa da gudu take, ga lodi ga mutane, to direba ba shi da sauran iko da sitiyari, motar takan nufi inda ta ga dama.

Wannan ƙarfe ba ya cirewa haka nan kwatsam. Yakan yi makonni, wani lokaci watanni, yana ba da sanarwa. Kuma a wasu motocin canja shi aiki ne da mai mota zai iya yi a ƙofar gidansa cikin wuni ɗaya, muddin yana da natsuwa da 'yan kayan aiki. A wasu motocin kuwa tilas sai an dangana da gareji. Sanin bambancin nan shi ne rabin aikin.

Mene Ne Bol-Joyin?

Wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ya ga irinsa. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune cikin kwarmin ƙugu, yana juyawa ta kowace fuska amma ba ya fita. Haka bol-joyin yake. Akwai sandar ƙarfe mai ƙwallo a gindinta. Ƙwallon yana zaune cikin wani ƙoƙon ƙarfe wanda aka shimfiɗa wa roba mai tauri a ciki, aka cika da giris. A bakin ƙoƙon akwai hular roba mai laushi wadda ke riƙe giris a ciki, ta kuma hana ƙura da ruwa shiga.

Aikinsa shi ne haɗa abubuwa biyu. Na farko shi ne hannun ƙarfe da ya fito daga jikin mota ta ƙasa, wanda ake kira lowa-am. Na biyu shi ne ƙarfen da taya da birki suke jikinsa, wanda a nan za a riƙa kiransa kan ƙafa. Tayar gaba tana motsi iri biyu a lokaci guda. Tana hawa tana sauka in ta shiga rami, tana kuma juyawa dama da hagu in an murza sitiyari. Bol-joyin ne ke ba ta damar yin duka biyun ba tare da ta rabu da motar ba. Ƙananan motoci irin su Golf da Corolla suna da guda ɗaya a kowace ƙafar gaba, a ƙasa. Manya kamar Hiace da Hilux suna da biyu-biyu, na sama da na ƙasa.

Abin da ke kashe shi a karkara sananne ne. Hular robar nan takan tsufa ta tsage, ko kara ko dutse ya yage ta. Da zarar ta tsage, ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da giris, sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa tana cin ƙwallon. Da damina ruwa ya shiga ya wanke sauran giris, tsatsa ta kama. Ƙwallon yana raguwa, ƙoƙon yana faɗi, har ranar da wani rami zai fizge shi ya fito. Ga kuma lodi. Motar da aka ƙera don mutum biyar, in aka ɗora mata mutum tara da buhunan masara, kowane rami da ta faɗa nauyin dukan da ƙafar ke sha ya ninka.

Alamomin Da Yake Nunawa

Alama ta farko ita ce ƙara. Direba zai riƙa jin ƙwal-ƙwal daga ƙasan gaba idan ya bi hanyar burji ko ya hau tudun rage gudu. Wani lokaci ƙarar takan zama kamar kukan tsohuwar ƙofa yayin da ake murza sitiyari a tsaye, wannan yana nuna giris ya ƙare. Daga nan sai mota ta fara yawo a kan titi, direba yana ta gyara ta ba hutawa. Sai kuma taya ta fara cinyewa ta gefe ɗaya, ciki ko waje, alhali tsakiyarta da sauran rai.

Wasu direbobi in sun ji ƙarar sai su ƙara sautin rediyo. Wasu kuma su ce ai motar ta saba. Gaskiya ita ce ƙarfe ba ya sabawa, cinyewa yake yi.

Amma ba kowace ƙara ce ta bol-joyin ba. Shakazoba da bushin da tayarod da boris duk suna yin ƙara mai kama da juna, saboda haka kada a sayi kaya sai an gwada. A ɗaga ƙafar da ake zargi har taya ta bar ƙasa, a tokare motar. Mutum ɗaya ya kama taya da hannu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya riƙa girgiza ta ciki da waje da ƙarfi. Wani kuma ya leƙa da tocila yana kallon bol-joyin ɗin. Idan ana jin wasa, sai a sa wani ya taka birki a sake girgizawa. In wasan ya ɓace da taka birki, to boris ne. In yana nan, zargi ya koma kan bol-joyin. In kuwa sai an kama taya ta dama da hagu ake jin wasan, to a duba tayarod tukuna. Daɗin daɗawa, ana iya sa dogon ƙarfe tsakanin lowa-am da kan ƙafa a ɗan banƙara a hankali. Lafiyayyen bol-joyin ba ya ɗagawa ko kaɗan. Wanda aka ga sandarsa tana shiga tana fita, ya gama aiki. Haka kuma wanda hularsa ta yage ƙasa ta cika shi, ko bai fara wasa ba kwanansa ya kusa.

Akwai abin lura game da motocin da nauyinsu ke zaune a kan lowa-am. A irinsu, in aka ɗaga jikin mota aka bar ƙafa tana reto, ƙarfin sifirin yakan matse bol-joyin ɗin ya ɓoye wasansa, mai gwaji ya ɗauka lafiya lau ne. Sai an sa jak a ƙarƙashin lowa-am ɗin kansa, kusa da taya, sannan gaskiya ke fitowa.

Wanne Ake Yi A Gida, Wanne Ake Kai Wa Gareji?

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, a leƙa a ga yadda aka ɗaura bol-joyin ɗin, domin ba duka suke iri ɗaya ba. Akwai wanda aka ɗaura da ƙusoshi da noti a bakin lowa-am. Wannan shi ne mai sauƙi, shi ne kuma irin na Golf 3, motar da kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙerawa a 1991, wadda ta zama motar haya a garuruwa da ƙauyuka da yawa na Arewa. Na Corolla ma da ƙusa da noti aka ɗaura shi. Akwai wanda ake murɗa shi cikin kan ƙafa kamar murfin kwalba, irin na Peugeot 405 da 406. Wannan yana buƙatar soket na musamman mai haƙora da kuma doguwar sanda, don da ƙarfi ƙwarai ake ɗaure shi. Akwai wanda ake dannawa cikin rami da injin matsi. Akwai kuma wanda aka haɗe shi da lowa-am tun daga masana'anta, in ya lalace sai dai a canja hannun gaba ɗaya.

Na farkon ne kaɗai ya dace mai koyo ya taɓa a gida. Sauran, wanda ya ce zai fitar da su da guduma da kurfi yakan ɓata ramin da sabon zai zauna, ƙaramin gyara ya koma babba. Haka nan motar da sifirin ko sandar murɗi ke danne da lowa-am ɗinta, akwai ƙarfi mai yawa a ɗaure a wurin. In aka raba bol-joyin ba tare da an tokare hannun da jak ba, yakan fyaɗo ƙasa da ƙarfin da zai karya hannu ko ƙafa. Wanda bai taɓa ganin an yi ba, ya bar wa bakanike. A Golf da Corolla sifirin yana jikin shakazoba ne, bai danne lowa-am ba, shi ya sa aikinsu bai da wannan haɗari.

Sayen Sabo

Kyawun abin shi ne a tafi kasuwa da tsohon a hannu, ko aƙalla a san samfurin motar da shekararta. Manyan kasuwannin kayan mota kamar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suna da iri-iri, haka ma shagunan hedkwatar ƙananan hukumomi. A jera sabo da tsoho a duba tsawon sandar da kaurinta da tazarar ramukan ƙusoshi. Wani lokaci ana samun biyu masu kama da juna a ido, amma kaurin sandar ya bambanta da ɗan kaɗan. Siririyar sanda ba za ta kamu da kyau ba komai ɗaurin da aka yi mata. A wasu motoci kuma na dama daban yake da na hagu, sai a tambaya.

Sabon bol-joyin mai kyau yana da tauri, da ƙyar ake karkata sandarsa da hannu. Wanda yake lilo kamar wuyan kaza, ko an goge shi an sa a kwali, tsoho ne. A duba hular robar, kada ta kasance da tsaga. Game da na hannu, wato wanda aka ciro daga wata motar, mutane da yawa sun fi amincewa da shi saboda jabun da ya cika kasuwa. Uzurinsu abin dubawa ne, sai dai babu wanda ya san tafiyar da na hannun ya riga ya yi. In ana da halin sayen sabo daga mai shagon da aka sani, wanda za a iya koma masa in an ga ba daidai ba, wannan ya fi. Kuma tunda ƙafafun biyu hanya ɗaya suka bi, in ɗaya ya mutu ɗayan ma yana kan hanya. Gara a sayi biyu a yi wahala ɗaya.

Galibi sabo yakan zo da ƙusoshinsa da notinsa. A yi amfani da su. Ƙusar ƙafar mota ba irin ta ƙofa ko ta amalanke ba ce. In an duba kanta za a ga lamba kamar 8.8 ko 10.9, wannan lamba ce ke nuna ƙarfinta. Ƙusar da ba ta da lamba ba ta da wuri a ƙafar mota.

Tokare Mota

A nan ne ya kamata a fi tsayawa, don a nan ne ake rasa rai. Jak an yi shi ne don ɗaga mota, ba don riƙe ta ba. Yana iya zamewa, yana iya nutsewa cikin ƙasa, na mai kuma yana iya saki a hankali ba tare da an lura ba. Aikin bol-joyin kuwa aiki ne na bugu da banƙara da girgiza, duk abubuwan da ke tunkuɗe mota daga kan jak.

A nemi wuri mai tauri wanda yake a shimfiɗe, ba gangare ba, ba yashi ba. Daɓen siminti ya fi. In babu, a shimfiɗa faffaɗan katako mai kauri a ƙarƙashin jak. A ja birkin hannu, a sa giya, a datse tayoyin baya gaba da baya da manyan duwatsu ko itace. A sassauta ƙusoshin taya tun motar tana ƙasa, amma kada a cire su. Sannan a ɗaga ta wurin da masu ƙera motar suka tanada, wanda yake da ƙarfi, ba tsakiyar faranti ba. In ta ɗagu sai a sa abin tokare a ƙarƙashin ƙashin motar, a sauke nauyin a kansa. Akwai ƙafafun ƙarfe da ake sayarwa don wannan aiki. In ba a da su, guntun kututture mai faɗi, busasshe, wanda aka yanke shi daidai sama da ƙasa, zai yi.

Kada a kuskura a tokare mota da bulon siminti ko tubalin ƙasa. Bulo yana ɗaukar nauyin gini saboda nauyin ya bazu a kansa. Amma in ƙarfe ya danne shi a wuri ɗaya, yakan fashe nan take ba tare da wata sanarwa ba. Haka ma duwatsun da aka ɗora wani kan wani. Bayan an cire taya, a kwantar da ita a ƙarƙashin motar kusa da inda ake aiki, ko da wani abu ya faru motar ta sauka a kanta. Kafin a sa hannu, a kama motar a girgiza ta da ƙarfi. In ta motsa, a sake shiri. A kori yara daga wurin, don ba abin da ke jan yaro kamar motar da aka cire wa ƙafa. Kuma kada mutum ya yi aikin shi kaɗai, ya zamana akwai babba a kusa.

In da hali a ɗaga ƙafafun gaba duka biyu. Akwai wata sanda da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu don hana mota tangaɗi a kwana. In ƙafa ɗaya ce a sama, sandar nan takan riƙe lowa-am ta hana shi sauka, mai aiki ya yi ta fama bai san dalili ba.

Kwancewa

Kayan aikin ba su da yawa. Sifanu da soket, musamman lamba 13 da lamba 17 ga mai Golf, da guduma, da filaya, da dogon ƙarfe na banƙara, da burushin waya, da tsumma, da alli ko ƙusa ta yin alama. Tun daren jiya a goge ƙasa da tsatsa daga kan ƙusoshin, a ɗiga musu kananzir ko man kwance tsatsa su kwana suna sha. Wannan ɗan tanadi yana rage rabin wahalar gobe. A kula kada man ya taɓa farantin birki.

A Golf 3, bol-joyin yana maƙale a bakin lowa-am da ƙusoshi uku. Kafin a taɓa su, a zagaye mazauninsu da alama, domin akwai ɗan wuri da bol-joyin ke iya matsawa ciki ko waje, kuma wannan matsawar tana canja tsayuwar taya. Sandarsa kuma ta shiga wani rami mai tsaga a gindin kan ƙafa, aka ratsa da ƙusa ɗaya a kwance wadda ke matse tsagar. To wannan ƙusa ba sassauta ta kawai ake yi ba, sai an zare ta gaba ɗaya. Dalili kuwa shi ne akwai kwarmi da aka zagaye sandar da shi, ƙusar tana bi ta cikin kwarmin ne. Muddin tana ciki, ko an kwana ana bugu sandar ba za ta fito ba.

In an zare ta, sai a sa dogon ƙarfe a danna lowa-am ƙasa, mataimaki yana riƙe da kan ƙafa. Idan tsatsa ta riƙe, a ɗan bubbuga lowa-am ɗin daga sama, ko a sa bakin sukundireba mai kauri cikin tsagar a ɗan buɗa ta kaɗan. Kaɗan fa, don in aka buɗa ta da yawa ba za ta sake matse sabon da kyau ba. Da sandar ta fito, kan ƙafa zai zama sake, yana lilo. A nan sai an yi hattara da abu biyu. Kada a ja shi waje da ƙarfi, domin shaf ɗin da ke juya taya yana iya zarewa daga mazauninsa na ciki, wannan kuwa wani sabon aiki ne. Kada kuma a bar tiyon birki ya miƙe yana ɗaukar nauyi. Haka nan a kula kada ƙarfen banƙara ya huda robar shaf da ke dab da wurin. Daga nan sai a kwance ƙusoshi ukun, a ɗauke ɗan farantin notin da ke sama, a zaro tsohon bol-joyin.

A Corolla da motoci da yawa na Japan, sandar ba ta da kwarmi. Tsinin ta ne ya yi siriri daga sama ya yi kauri daga ƙasa, ta shige rami mai irin siffarta, aka ɗaure da noti mai haƙora, aka ratsa da fil mai ƙafa biyu. A miƙe ƙafafun fil ɗin da filaya a zare shi, a sassauta notin amma a bar shi a kan zare biyu ko uku. Irin wannan sanda takan kama ramin ƙam. Akwai ɗan ƙarfen matsi da ake raba su da shi, ana iya aro a gareji. In babu, a bugi gefen ƙarfen da sandar ta ratsa da guduma, bugu mai kyau, yayin da mataimaki ke danna hannun ƙasa. Girgizar bugun ce ke sakin ta. Kada a bugi kan sandar kai tsaye, zaren zai baje, notin ya ƙi fita.

Wani lokaci za a tarar ba ƙusoshi ba ne, ribiti ne aka dasa tun daga masana'anta. Sai an huda kawunansu da na'urar huji an fitar da su, sannan a ɗaura sabon da ƙusa da noti. Wanda ba shi da na'urar, ya kwance lowa-am ɗin ya kai gari a yi masa.

Ɗaurawa

A goge mazaunin da burushin waya har ƙarfe ya fito fes. A duba bakin lowa-am da kyau. In an ga tsaga, ko ya lanƙwashe, ko tsatsa ta cinye shi, to sabon bol-joyin ba zai yi amfani a kansa ba, sai an canja hannun. Tunda an riga an buɗe wurin, a duba bushin ɗin da ke ɗaya ƙarshen hannun.

A zura sabon a mazauninsa, a daidaita shi da alamar da aka yi, a sa ƙusoshi ukun da farantinsu. Sannan a danna lowa-am ƙasa, a saita sandar da ramin, a sake shi a hankali ta shige har ƙarshe. A leƙa ta ramin ƙusar a tabbatar kwarmin sandar ya zo daidai. Ƙusar nan ya kamata ta wuce da turin hannu ko ɗan bugu kaɗan. In ta ƙi, to sandar ba ta zauna daidai ba, a gyara ta, kada a tilasta. Wannan wuri ne da ake yin kuskure mai tsada. In sandar ba ta shige sosai ba, ƙusar takan bi ta samanta, a ɗaure a ga kamar komai ya yi, alhali ba abin da ya riƙe ƙafar sai matsi kawai. Rami na farko mai zurfi zai fitar da ita.

Notin da ke zuwa da sabon bol-joyin galibi mai kulle kansa ne, za a ga zoben roba a bakinsa ko an ɗan matse bakin. Irinsa sau ɗaya ake amfani da shi, in an kwance shi ya rage kamu. Ga mai noti mai haƙora kuwa, a goge sandar da ramin su bushe, kada a shafa musu giris. A ɗaure notin, in ramin fil bai zo daidai da haƙori ba sai a ƙara ɗaurewa kaɗan har ya zo. Ba a komawa baya don neman rami. A sa sabon fil a buɗe ƙafafunsa. Ƙusar kafinta ko guntuwar waya ba ta maye gurbin fil.

Kowace ƙusa tana da iyakar ɗaurin da masu ƙera mota suka ƙayyade mata, yana rubuce a littafin gyaran motar, kuma akwai sifana mai awo da ke nuna an kai iyakar. Wanda zai iya aro ta, ya yi. Wanda bai samu ba, ya ɗaure da sifana gwargwadon ƙarfin hannu, ya kuma sa bakanike ya duba masa idan ya shiga gari. Abin da ba a so shi ne a zura bututu a sifana a hau kai da ƙafa. Ƙusar da aka ja fiye da kima takan miƙe, ta kuma tsinke daga baya a kan hanya. Idan sabon bol-joyin yana da ɗan hancin zuba giris, a ba shi har hular ta ɗan kumbura, a tsaya kafin ta fashe. Wanda ba shi da hanci an riga an cika shi, ba ya buƙatar ƙari.

Akwai dabarun da ake gani a bakin tasha waɗanda ya kamata a faɗe su don a guje su. Wasu sukan dandaƙe gindin ƙoƙon da guduma don ƙwallon ya daina wasa. Wasu su cusa leda ko guntun fata a ciki. Wasu su ɗaure hannun da kan ƙafa da robar tsohon tif, wasu ma har walda suke yi. Duk waɗannan suna kashe ƙarar ne kawai, ƙarar kuwa ita ce mai gargaɗi. Ƙarfen da ya cinye yana nan a cinye. Walda ma ta fi muni, don zafinta yana narkar da robar ciki, yana kuma raunana ƙarfen. In an yi irin wannan don a janye mota daga daji zuwa gari a hankali ba fasinja, da sauƙi. Amma ɗaukar mutane a kai ganganci ne da rayukan da aka ba direba amana.

Bayan An Gama

A mayar da taya, a ɗaura ƙusoshinta da hannu, a ɗaga motar a cire abin tokare, a sauke ta. Sannan a ƙarasa ɗaure ƙusoshin tayar, ana tsallakawa daga wannan zuwa wadda ke fuskantarta, ba bi da bi ba. A ƙirga kayan aiki, a duba ƙasa ko akwai noti ko wasa da ya rage. In an ga saura, to akwai inda aka manta. A taka birki a ji ya kama, a murza sitiyari har ƙarshe dama da hagu a saurara.

Gwajin farko a yi shi ba kaya ba fasinja, a hankali, a hanyar da ba jama'a. In ƙarar tana nan, to akwai wani abin da ya rage, a koma a duba tayarod da bushin da shakazoba. In ta ɓace, saura abu ɗaya. Komai kyan alamar da aka yi, tsayuwar taya takan ɗan canja bayan wannan aiki, ido kuwa ba ya iya ganin bambancin. Sai a kai motar wurin masu saita ƙafa, wato alayimen, a cikin gari. Kuɗin saitin bai kai na taya ɗaya ba, taya kuwa tana iya cinyewa ta gefe cikin 'yan makonni in ƙafar ta karkace. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku a sake bin ƙusoshin bol-joyin da na taya da sifana a ji ko wata ta saki. Daga nan kuma, duk lokacin da aka zo juyen baƙin mai, a leƙa da tocila a duba hular robar.